Kuɗin Makarantar Mai Cire Ƙofa

Kafinta mutum ne mai duka, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. In ka kawo masa aiki, tun kafin ku yi ciniki zai gaya maka cewa hannunsa ya fi bakinsa sauri, saboda haka in ka san za ka yi masa wasa da kuɗi, gara ka ɗauki katakonka ka ƙara gaba. Wasu sukan ɗauka raha ce. Akwai wani mai shagon magani da ya ɗauka haka, har yau da gefe ɗaya yake tauna.

Tun yana yaro haka yake. Kansa yana ja, amma da kyar ya gama sakandare, don ana korarsa ana mayar da shi saboda roƙon yayarsa. Iyayensu sun mutu da wuri, ita ta riƙe shi. Mai shara ce a wani babban asibiti, ɓangaren da ake kawo waɗanda suka ji ciwo, kuma ita kaɗai ce a duniya bai taɓa ɗaga wa hannu ba. Matarsa kam ya ɗaga mata. Ta goya 'yarta ta tafi da leɓe a kumbure, kuma ta yi daidai. Yaya da kanta ta ɗaukar mata akwati har tasha, ta dawo ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa.

Sana'arsa ta fara mutuwa lokacin da mutane suka koma ƙofofin ƙarfe da kujerun roba. Rumfarsa tana bakin wata kwata, tebur ɗaya, zarto biyu, tukunyar gam, sai ƙuda. A nan Dillali ya same shi yana gyangyaɗi da rana tsaka.

Shi Dillali aikinsa karɓar kuɗin haya ne a madadin masu gidajen da ba sa son ganin fuskar 'yan hayarsu. In mai gida ya so a fitar da mutane, ba ya zuwa kotu, don kotu tana cin watanni. Yana da hanyarsa. Da hantsi, sa'ad da maza suka fita nema, sai mota ta tsaya a ƙofar gida. Wani dogon mutum da ake kira Dogo da wasu ƙarti su tsaya da sandunan ƙarfe, kafinta kuma ya bi ɗaki ɗaki yana cire ƙyauren ƙofa da na taga, a loda a mota, a tafi. Ba a taɓa ko cokalin ɗan haya, don kada a ce an yi sata. Ƙofa ta mai gida ce, ya ɗauki abarsa. Amma ɗakin da ba ƙofa ba ɗaki ba ne. Mace ba za ta sauya zane ba, ba za ta je kasuwa ta bar kayanta ba, ba mai barci da ido biyu. Ɓarayi da ruwan sama su suke ƙarasa aikin. Kafin mako ya zagayo gida ya zama kango.

Kowace ƙofa da kuɗinta, kuma kuɗin mai kauri ne. Kafinta ya iya aikin. Kafin mace ta gama ihu ƙyauren yana kafaɗarsa. Akwai wadda ta rungume ƙofarta ta ƙi saki, ya ɗaga su tare ya girgiza har ta faɗo a kan murhu. Akwai magidancin da ya dawo ɗaukar abin da ya manta, ya fasa kwalba ya yanke shi a damtse, shi kuwa ya sauke masa ƙotar guduma a ƙeya, ya ci gaba da cire ƙusa jini yana ɗiga a gwiwar hannunsa. Da yamma shi da Dogo su zauna a bayan mota su ci abinci a kwano ɗaya. Bai taɓa cewa aikin yana damunsa ba, kuma babu dalilin da za a yi masa ƙaryar cewa yana damunsa.

A wani gida bayan tashar mota ya fara ganin Mai Jaka. Gajeriyar mace ce mai tabarau, da wata ƙatuwar jaka da ta karkatar mata da kafaɗa, ma'aikaciyar ƙungiyar 'yan haya. Ya riga ya zare rabin ƙusoshin ƙofar farko ta zo ta tsaya a bakinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kira Dillali da cikakken sunansa, ta faɗi na mai gidan, ta faɗi wa'adin da doka ta ce a ba ɗan haya, sannan ta juya ga ɗan sandan da Dillali yakan zo da shi don ado, ta tambaye shi ko zai rubuta mata lambarsa da kansa ko ta kwafa daga ƙirjinsa. Dogo ya ɗaga sanda. Ta dube shi kamar yadda ake duban akuyar da ta shigo ɗaki. Dillali ya koma gefe ya daɗe yana waya yana share wuya, ya dawo ya ce wa Kafinta ya mayar da ƙusoshin.

Kada a ce tausayi ne ya kama shi ranar. Hassada ce. Shekara da shekaru yana dukan mutane, bai taɓa sa wani babba ya yi gumi ba, sai talakawa irinsa. Ga wata da bai fi ya ɗauke ta da hannu ɗaya ba, ta kayar da su duka ba ta ko ajiye jakarta ba.

Ya nemo ofishinta, ɗaki ɗaya a saman shagon tayoyi, da fankar da ba ta juyawa. Ta gane shi, ta tabbatar tebur yana tsakaninsu. Ya tambaye ta a ina ake koyon abin nan da ta yi. Ta ce digiri ne a jami'a, karatun kare haƙƙin jama'a, shekara huɗu, kuma akwai ajin yamma da na Asabar don masu aiki. Ya tambayi kuɗin makaranta, ta faɗa. Ya tambayi albashinta, shi ma ta faɗa. Shi ba shi da wani ma'auni sai ƙofa, da ita ya auna. Albashinta na wata, abin da yake samu ne a mako mai kyau. Kuɗin makaranta na shekara kuwa sai ya tsiraita manyan gidaje biyu ko uku bai taɓa ko sisi ba. Ya yi dariya, ya ce ashe wahala take sha. Ta ce ƙwarai, kuma ƙofa tana bayansa in ya gama, ya bar mata ita a jikin bango.

Ranar Lahadi ya sami Yaya tana wanke kayan aikinta a tsakar gida, ya zayyana mata. Ta saurara har ya gama, ta yarfe kumfa.

"Auta, bari in ji ko na fahimta. Bashi za ka ci, ka yi shekara huɗu kana karatu, don ka sami aikin da kuɗinsa bai kai rabin wanda kake samu yanzu ba?"

"Haka ne, Yaya."

"To ni ban ci bashi ba na sami aikin da ba kuɗi. Zo in kai ka wajen shugabarmu, tsintsiya kyauta ake bayarwa."

Ya ce ta yi lissafi da kyau. Aikin ƙofa yana tafiya ne muddin kafaɗa tana ɗauka. Ya ce in ta isa ta nuna masa tsoho ɗaya a cikinsa. Waɗanda suka riga shi, wani yana kurkuku, wani ido ɗaya, wasu ƙasa ta rufe. Kuɗin da kauri, amma ba ya kwana, shi kansa ba shi da ko kujerar kirki a ɗaki, kafinta guda. Albashi kuwa ko kaɗan ne yana zuwa har mutum ya yi furfura. Yaya ba ta musa ba, don biyu daga cikin waɗanda ya lissafa ita ta goge inda aka kwantar da su. Ta ce ita dai abu ɗaya za ta faɗa: ya ci bashin a ko'ina, har wajen Iblis in yana bayarwa, ban da wajen Dillali.

Ya je banki. Aka tambaye shi takardar albashi da mai tsaya masa da kadara. Ya ce ba shi da ko ɗaya. Ma'aikacin ya yi wani ɗan murmushi, Kafinta ya miƙa hannu ta ƙarƙashin gilashi ya damƙo wuyan rigarsa, masu gadi suka fitar da shi da gindin bindiga. Ya je wajen masu ba da rance a kasuwa, suka ce sun san shi, kuma don sun san shi ne ba za su bayar ba. Wanda ya yi shekaru yana shuka duka, ba ya tsammanin ranar neman mai tsaya masa.

Dillali kuwa ko gardama bai yi ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yau ga kura za ta koyi kiwon awaki, ya buɗe aljihun tebur ya ƙirgo kuɗin shekarar farko. Biya kuma ba da kuɗi ba, da ƙofofi, ana cirewa a hankali. Ba a rubuta komai ba. A sana'arsu ba a rubutu, don abin da aka rubuta yana iya isa gaban alƙali, magana ce da musafaha. Kafinta ya tashi a cikin wannan, har yana ganinsa amana ce tsakanin maza. Ya san nawa ya karɓa. Abin da bai tambaya ba shi ne nawa kowace ƙofa za ta rage. Sai da aka yi nisa Dillali ya sanar da shi cewa ƙofar bashi ba ta kai ƙofar kuɗi hannu daraja ba, rabi ce, kuma duk ranar da ya tafi aji ya bar aiki akwai tara.

Haka ya yi shekarun. Ya zauna a bayan aji, ya fi kowa girma da shekaru, yana warin katako. Ya koyi rubuta koke, da lissafin wa'adi, da yadda ake tara mutane talatin masu jin haushin juna a sa su yi magana da baki ɗaya. In aka zo darasin korar 'yan haya ba bisa doka ba, malamin yakan ce wannan ɗalibi yana bayani kamar a gabansa aka yi. Ranar Litinin da hantsi kuma ya hau mota. Dogo yana kiransa Malam Digiri, yana tambayarsa wace doka suke karyawa yau, shi kuma ya faɗa masa lambarta, su yi dariya, su sauka.

A shekara ta biyu wani ɗalibi mai ƙamshin turare ya ce a cikin muhawara masu cire ƙofofin talakawa karnuka ne da ake saki. Gaskiya ya faɗa. Kafinta ya tsallake benci biyu ya karya masa hanci. Aka dakatar da shi zango guda, kuɗin da ya biya ya bi ruwa, ga na asibiti, ga takardar gargaɗi cewa in ya sake ɗaga hannu, a cikin makaranta ko a wajenta, ya gama. Ya koma gaban teburin Dillali. Wannan karon Dillali bai yi dariya ba, ya dai buɗe aljihun, kamar mai zuba wa kaza tsaba.

A shekarar ƙarshe ana tura kowane ɗalibi wata ƙungiya ya koyi aiki a aikace. Aka tura shi wajen Mai Jaka. Ta rubuta wa jami'a cewa ba ta so, aka ce babu wani gurbi. Sai ta ba shi wani tsohon gida mai dogon zaure bayan masana'antar ƙanƙara, ɗakuna a jere hagu da dama, famfo ɗaya, wanda sabon mai shi yake so ya rushe ya gina shaguna. Aikinsa ya bi ɗaki ɗaki ya ji shekarun kowa a gidan da abin da ya biya.

A ɗakin farko, na bakin ƙofar gida, wata tsohuwa ce mai keken ɗinki, kowa Inna yake ce mata. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, ba ta daina taka keke ba. Ta ce ta san shi. Shi ne a wancan gidan na kusa da mayanka ya ce mata ta matsa ko ya haɗa da ita. Bai tuna ta ba, ya gaya mata bai tuna ba, amma maganar irin tasa ce. Ta bar shi a tsaye cikin rana ya yi tambayoyinsa daga waje. Watanni ya yi yana zuwa gidan, ba ta taɓa miƙa masa ko ruwa ba.

Sai Dillali ya kira shi. Shi Dillalin aka ba kwangilar fitar da mutanen gidan. Ya ce in Kafinta ya tsiraita shi a yini ɗaya, rabin bashinsa ya mutu, ga shi ya san ɗakunan kamar tafin hannunsa. Kafinta ya ce a ba shi wani gidan, ko biyu, ko uku, ya yi su kyauta. Dillali ya ce shi wannan yake so.

"Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, Malam Digiri. Kuɗina ne a cikin kanka. Duk wata doka da ka haddace, ni na saya."

"Ranka ya daɗe, in na cire ƙofa ɗaya a gidan nan, karatun ya tashi a banza."

"In ba ka cire ba, kai ne za ka tashi a banza."

Washegari ya tarar an fasa rumfarsa. An kwashe kayan aiki, an tura teburin cikin kwata, littattafansa kuma an cusa su a tukunyar gam an kunna wuta.

Ya kai wa Mai Jaka labari, har da ranar da za a zo, don ya san yadda Dillali yake tsara makonsa. Ta ce ta shigar da ƙara, amma takardar kotu da za ta hana a taɓa gidan ba za ta fito ba sai bayan azahar ɗin wannan ranar. Daga hantsi zuwa lokacin, sai dai a tsare ƙofa da jiki. Kuma kada wani a gidan ya ɗaga ko tsinke, don faɗa Dillali yake nema: da zarar ɗan haya ya fitar wa wani jini, 'yan sanda za su kwashe mazan gidan, sauran su watse da kansu. Kafinta bai buƙaci bayani ba, shi ne ake turawa ya tono irin wannan faɗan. Ta dube shi ta ce shi kam kada ya zo. Ta ce ba ta da shakka a kan niyyarsa, hannunsa ne ba ta yarda da shi ba.

Ya zo. Ya san daga ɗakin farko ake farawa, ya kuma san in ƙofa ɗaya ta tafi ba tare da an tsaya mata ba, sauran zubewa suke yi. Mai Jaka tana kotu. Mazan da suka ƙi fita aiki an tara su can ƙarshen zaure an ce su zauna. Ya je ɗakin Inna ya tambaye ta ko tana da ƙyalle mai ƙarfi. Ta ce na me. Ya juya baya ya jingina da ƙyaurenta, ya zura hannuwansa biyu ta baya cikin mariƙin ƙarfen ƙofar, ya ce ta ɗaure.

Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta jawo ragowar wani yadi mai kauri, ta yage shi da haƙori, ta murɗa.

"Ɗaure sosai, Inna. In na kwance, ni da ku duk mun shiga uku."

"Kwantar da hankalinka, ɗan nan. Na daɗe ina jiran ranar da zan sa maka hannu."

Ta ɗaure har yatsunsa suka yi fari, ta ƙara wani a kai, ta koma kan kekenta.

Motar ta zo a lokacinta, da sabon kafinta a baya. Dillali bai sauko ba. Dogo ya shigo ya ga abokin cin abincinsa a jikin ƙofa, ya leƙa ya ga ɗaurin, ya ce ashe boko haukata mutum yake yi. Ya ce ya bari a kwance shi ya tafi gida, shi zai ce bai gan shi ba. Kafinta ya ce ba inda za shi. Dogo ya waiga wajen mota. Dillali ya ɗaga yatsa ɗaya.

Da mari aka fara, don a tayar masa da hali, kuma halin ya tashi. Ya yi wani ƙara kamar sa a mayanka, ya fizga, ƙyauren ya yi girgiza, ƙyallen ya shige cikin fatar wuyan hannunsa. Ba haƙuri ya yi ba, kada wani ya ba shi ladan da bai nema ba. Da a sake yake, da ya kashe mutum ranar. Bakinsa a buɗe yake, ya zagi uwar Dogo da kakarsa, ya tofa masa jini a riga. Sai aka koma sanda. Haƙarƙari, gwiwa, haƙarƙari kuma. Ɗaya daga cikin ƙartin ya sa wuƙa zai yanke ɗaurin, Kafinta ya danne shi da bayansa a jikin katako, don ya san in ƙyallen ya tafi komai ya tafi. Matan gidan suna tsaye a bakin ɗakunansu da wayoyi a sama suna ɗauka. Yara suna kuka. A ƙarshen zaure wani magidanci ya miƙe da taɓarya, matarsa ta rungume ƙafarsa ta zauna a ƙasa.

Da suka ga ba za su raba shi da ƙofar ba, Dillali ya aiko a cire ta da shi a jiki. Sabon kafintan ya daɗe yana fama da ƙusoshin. Ƙyauren ya tafi da baya, nauyin mutum a kansa, ya faɗi a kan dakalin siminti, hannun dama a ƙasa. Waɗanda suke kusa sun ce ƙarar kamar an taka busasshen kara. Suna cikin tunanin yadda za su loda ƙofa da mutum a kai Mai Jaka ta iso da takarda da 'yan sandan wani ofishi da Dillali bai saba ciyarwa ba. Ƙofa ɗaya aka cire a gidan, ita ma ba ta bar tsakar gida ba.

A ɓangaren Yaya aka kwantar da shi. Ta zo da bokitinta ta yi aikinta a ƙarƙashin gadonsa, sannan ta tambaye shi ko wannan ma yana cikin abin da ake biya wa kuɗin makaranta.

Hotunan sun yawata, maganar ta fi ƙarfin ɗan sandan ado. Dillali ya aiko lauya da tayi. In Kafinta ya janye ƙarar da ya kai kan dukan da aka yi masa, zai sami ɗaya cikin biyu: ko a yafe masa bashin kaf, ko a bar mutanen gidan su yi shekara guda cif ba mai taɓa su. Ba duka biyu ba, don in suka zauna mai gidan zai hana Dillali ladansa, shi kuma ba zai yi asara ta fuska biyu ba. In an ƙi, a je kotu, a can kuwa za a buɗe kowace ƙofa da aka taɓa cirewa, da sunan wanda ya cire ta.

Yaya ta ce ya karɓi yafiyar. Ta ce haƙarƙarinsa ne, hannunsa ne, ba na unguwa ba. Takardar kotun da ke hannu ta 'yan makonni ce, amma mutanen ai ba shi ya haife su ba. Ta yi masa lissafi a kan yatsunta: da irin albashin Mai Jaka, ko ya daina cin nama, 'yarsa za ta gama makaranta bai gama biya ba. Kuma da wane hannu zai yi aikin gefe? Mai Jaka ta ƙi ba da shawara. Ta ce in ya karɓi yafiyar ba wanda zai zarge shi, ita ma za ta sa hannu a takardarsa ta gama koyon aiki. Sai dai ya sani ba ɗan hayar da zai ƙara buɗe masa ƙofa, kuma digiri irin nasu ba shi da wani amfani in ba a buɗe maka ƙofa.

Ya kwana da abin kwanaki, yana kallon silin, yana yi wa masu jinya tsawa. Ya so yafiyar, ya faɗa da bakinsa. Ya auna ta kowace fuska ya ga Yaya ce da gaskiya a lissafi. Amma ya ce in ya karɓa, Dillali ya saye shi sau biyu ke nan, sau ɗaya da kuɗi, sau ɗaya da sanda, kuma na biyun ya fi araha. Ya zaɓi shekarar. Sharaɗi ɗaya ya kafa: a rubuta adadin bashin a gaban shaidu, ya tsaya inda yake, a biya da kuɗi wata wata, ba da ƙofa ba. Da aka rubuta, ya fi abin da ya zata da kusan rabi. Yaya ta ce Allah ya ƙara, ta tafi ta kawo masa abinci.

Ya gama digirin a makare, da hannun hagu ya rubuta jarrabawar ƙarshe. Yatsu uku na dama sun sandare, ba sa dunƙulewa. Halin bai tafi ba. A wata na biyu da fara aikinsa a ƙungiya ya jefi wani mai gida da kujera a wajen sulhu, Allah ya sa da hagu ne, bai same shi ba. Albashinsa bai kai na Mai Jaka ba, shi ne ƙarami a ofis, kuma kusan rabi yana wucewa wajen Dillali kafin ya ji ɗuminsa.

Da shekara ta cika mutanen gidan suka tashi, kowa ya sami inda zai sa kai, da ƙofofinsu a rufe har ranar ƙarshe. Kafin su watse suka taru a bakin famfo don su yi masa godiya. Wani ya tashi ya yi dogon jawabi, ya kira shi gwarzo. Wata ta fara jero addu'a. Inna tana zaune a kan ƙunshin kayanta, ta ce ita dai ƙyallenta ba a biya ta ba. Kafinta ya bari aka kai tsakiyar jawabi na uku, ya ɗaga hannun nan mai sandararrun yatsu ya ce ya isa haka, rana tana yi.

Ya ce bashin yana nan, kuma godiya ba ta rage ko sisi. Ya sayi guduma da zarto na hannu, ya koyi bugu da hagu, aikinsa ya yi nawa amma ba ya karkacewa. Kowannensu sabon ɗaki zai shiga, kuma ya san irin ɗakunan da kuɗinsu zai iya kamawa, ba wanda ƙofarsa take rufuwa daidai.

"Duk mai ƙofa ko taga ko gadon da ya karye, ya kira ni ranar Lahadi, kada ya kai wa wani. Ku gaya wa maƙwabtanku ma. Ku biya ni a hannu, ranar da na gama. Kuma don girman Allah, kada wanda ya ce in yi masa bashi."